Sauya Jalen Hurts da Tua a wasan ƙarshe na 2018: dabarar koci ce, ko gumin 'yan tsaro?

Sabon Baƙo a Birmingham ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata takwas ke nan da aiki ya kawo ni jihar Alabama, kuma tun a makon farko na fahimci cewa duk wanda yake son ya samu abin tattaunawa da mutanen nan, ko a wurin aiki ko a layin biyan kuɗi a kanti, to sai ya koyi ƙwallon Amurka, musamman ta jami'o'i, wadda suka riƙe fiye da yadda muka riƙe gasar Firimiya a gida. Na gane cewa ana bai wa masu kai hari yunƙuri huɗu su ci yadi goma, cewa ketare layin ƙarshe da ƙwallo maki shida ne, bugun da ya bi tsakanin sanduna kuma maki uku, sannan komai yana ratsawa ta hannun kwatabak, wato jagoran da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri ya jefa ta ko ya miƙa wa mai gudu.

Ranar Asabar da ta wuce maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, ya gayyace ni gidansa ya kunna mini wasan ƙarshe na gasar jami'o'i da aka yi ranar 8 ga Janairu, 2018, a Atlanta, tsakanin Alabama da Jojiya. Ya ce idan na fahimci wannan wasa na fahimci jihar. An tafi hutun rabin lokaci Jojiya tana da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya. Da aka dawo sai kocin Alabama Nick Saban ya ajiye kwatabak ɗinsa Jalen Hurts a benci ya saka Tua Tagovailoa, yaro ɗan shekarar farko, kuma aka tashi Alabama 26, Jojiya 23, bayan ƙarin lokaci. Dattijon nan ya kalli wasan ba adadi, amma da aka zo jifan ƙarshe sai da ya miƙe tsaye, hannunsa biyu a sama, kamar yau aka yi. Matarsa kuwa tana zaune a gefe sanye da riga mai lamba 2, lambar Hurts, ba ta tafa ba. Ta gaya mini cewa har gobe tana ganin ba a kyauta wa yaron ba, domin sau biyu kacal aka doke Alabama a hannunsa cikin shekara biyu, amma aka cire shi a gaban duniya saboda rabin wasa ɗaya.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, shin adalci ne a yi wa ɗan wasa mai irin wannan tarihi haka, ko kuwa matar tana magana ne da tausayi kawai? Na biyu, wanda ya fi damuna, na ƙirga da kaina na ga maki bakwai kawai Jojiya ta ci a duk rabi na biyu, sai uku a ƙarin lokaci. Idan haka ne, me ya sa kowa yake ambaton Tua, ba na jin ana ambaton waɗanda suka hana Jojiya ƙara komai? Ina roƙon waɗanda suka daɗe a ƙasar nan su warware mini.

Ɗan Tuscaloosa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da zuwa. Tambayarka ta biyu ita ce asalin magana, kuma na yi mamakin yadda baƙon wata takwas ya hango abin da mutane da yawa da aka haifa a nan suke tsallakewa. Ina karatu a Tuscaloosa, garin da Jami'ar Alabama take, a lokacin, a ɗakin wani abokina muka kalli wasan mu tara, ga sanyin Janairu, kuma da aka ci muka fita titin jami'a muka tarar ba masaka tsinke. Sunan Tua kawai ake kira. Ni ma na kira, ba zan ɓoye ba. Sai da na sake kallon wasan a natse daga baya na ga cewa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari mu bi wasan daki-daki. A harin Jojiya na farko, ɗan tsaronmu Tony Brown ya ƙwace jifan Jake Fromm, kwatabak ɗin Jojiya, a iska. Bayan nan 'yan tsaron Alabama suka yi ta komawa fili ba hutu, domin masu harinmu sun kasa riƙe ƙwallo: Hurts ya yi jifa 8, 3 ne suka isa hannu, yadi 21 gaba ɗaya. Duk da wannan gajiya, sau biyu Jojiya ta matso kusa aka tare ta, ta haƙura da bugun maki uku-uku na Rodrigo Blankenship. Sai dab da hutu Mecole Hardman ya ketare layi. Ka lissafa da kanka, da waɗannan hare-hare biyu sun kai ga ci cikakke, da 21 da nema aka tafi hutu, kuma ban ga kwatabak ɗin da zai tono ƙungiya daga wannan rami a gaban irin tsaron Jojiya na shekarar ba. Tazarar 13 tazara ce ta ci biyu. 'Yan tsaro ne suka bar wa Saban wasan da za a iya gyarawa.

Sannan mutane suna mantawa cewa Tua bai shigo yana tafiya a kan ruwan sanyi ba. Harinsa na farko bai kai ko'ina ba. A na biyu ne ya zille wa masu kama shi ya sami Henry Ruggs, aka koma 13 da 7. Nan take Fromm ya jefa wa Hardman wata doguwa ta yadi 80, aka koma 20 da 7, wadda ita ce babbar ɓarakar da tsaronmu ya yi a daren. Bayan haka Tua ya jefa ƙwallo kai tsaye hannun Deandre Baker na Jojiya, a cikin yankinmu. A daidai wannan lokaci ɗakin da muke ciki ya yi tsit, wani ma ya ce a dawo da Hurts tun kafin abin ya zama tozarci. Da Jojiya ta ci a nan, an gama, kuma da yau labarin da ake bayarwa shi ne na kocin da ya ruɗe ya jefa yaro cikin wuta. Abin da ya faru shi ne, a yunƙuri na gaba ƙwallon Fromm ta bugi hular wani ɗan wasa ta tashi sama, Raekwon Davis, ƙaton ɗan layin gaba, ya cafke ta ya ruga. Kuskuren Tua bai wuce yunƙuri ɗaya a raye ba, aka shafe shi.

Daga nan har ƙarshen lokaci Jojiya ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Nick Chubb, mai gudun Jojiya, wanda mako guda kafin nan shi da Sony Michel suka yi wa Oklahoma kaca-kaca a wasan Rose Bowl da aka tashi 54 da 48, ya ɗauki ƙwallo sau 18 ya samu yadi 25 kacal. Da'Ron Payne ya toshe tsakiya, kuma shi aka bai wa kyautar gwarzon tsaro na wasan. Wannan ne ya bai wa Tua damar dawowa fili sau bayan sau, aka tsinci maki uku, aka ƙara uku, har Calvin Ridley ya kama wadda ta daidaita wasa 20 da 20 a yunƙuri na huɗu, saura minti 3 da daƙiƙa 49. Aka sake tare Jojiya nan da nan, muka samu damar bugun yadi 36 da zai ƙare komai, mai bugunmu ya zubar.

A ƙarin lokaci ana ajiye wa kowace ƙungiya ƙwallo yadi 25 daga layin ci. Jojiya ce ta fara. A yunƙuri na uku Terrell Lewis ya kayar da Fromm yadi 13 a baya, abin da ya tilasta musu bugu daga yadi 51, kuma Blankenship ya ci. Wannan Lewis ɗin ya ji rauni a gwiwar hannu tun wasan farko na kakar, da Florida State, a wannan fili dai na Atlanta, ya shafe kusan duk kakar yana jinya. Kayarwar nan ita ce ta mayar da maki bakwai zuwa uku. Sai Tua ya shigo ya yi kuskuren yaro, ya riƙe ƙwallo har aka kayar da shi yadi 16 a baya, sannan ya tashi ya jefa wa DeVonta Smith ta yadi 41. Jifa ce ta gwani, ba na rage mata komai. Amma hotonta ne a bangon gidajen abinci, ban taɓa ganin hoton Lewis a kan Fromm a bangon kowa ba.

Game da tambayarka ta farko kuwa, ni a ganina Saban ya yi daidai. Shi da kansa ya bayyana bayan wasa cewa sai sun iya jifa kafin su ci, kuma Tua ya fi iya jifa. Aikin koci shi ne ya ci wasan da ke gabansa.

Bakanuwa a Atlanta ta rubuta:

Malam Ɗan Tuscaloosa, na karanta bayaninka da kyau kuma lissafinka bai yi kuskure ba, sai dai ka ba ni dama in faɗi yadda abin yake daga ɓangaren waɗanda aka doke, domin shekara goma sha biyar ina zaune a Jojiya, 'ya'yana biyu a nan suka tashi, kuma a daren nan ƙaramin bai ci abinci ba.

Inda na saɓa da kai shi ne ka raba sauyin da aikin tsaro kamar abubuwa biyu ne dabam. Ni a wurina sauyin ne ya karya tsaronmu, kuma shi ne ya ɗaga naku. Kocinmu Kirby Smart ya shekara takwas yana shugabantar tsaron Saban, daga 2008 zuwa 2015, ya san gidan ciki da waje. An shirya wa Hurts tsaf: a cika gaba da mutane, a toshe hanyar gudu, a bar ɗan tsaronmu Roquan Smith yana gadinsa kada ya tsere da ƙafa, a ƙalubalance shi ya jefa nesa in zai iya. Shirin ya yi aiki har rabin lokaci. Sai aka kawo yaro bahago, mai jefa ƙwallo can nesa ba tare da jinkiri ba, tare da wasu sababbin yara masu gudu irin su Ruggs da DeVonta Smith da Najee Harris. Kiɗa ya sauya, mu kuma rawarmu ba ta sauya da wuri ba. Da 'yan bayanmu suka ja baya don tsoron doguwar jifa, sai hanya ta buɗe wa Harris a kashin ƙarshe. Haka nan 'yan tsaronku da kake yabo sun fara samun hutu ne saboda Tua yana riƙe ƙwallo na wasu mintuna, kuma ɗan wasan da ya ga ana rage tazara ba ya gudu irin na wanda ya fid da rai.

Jifan ƙarshe ma, idan ka duba, labarin tsaro ne, sai dai na tsaron da ya kwance. An tsayar da mutum biyu a can baya, kowa da rabin fili. Na gefe ya kamata ya tari Smith tun daga layi ya rage masa gudu, na baya kuma ya rufe samansa. Na gefe bai taɓa shi ba, Tua kuma ya kafa idonsa a tsakiya har na bayan ya tsaya cak, sannan ya juya hagu ya saki ƙwallo. Yunƙuri na biyu ne, saura yadi 26, ba wani dalilin barin mutum ya wuce ka. Har yau idan aka ce “biyu da ashirin da shida” a gaban ɗan Jojiya ba ya buƙatar ƙarin bayani. Akwai kuma abin da magoya bayanmu ba su yafe ba: a farkon rabi na biyu, bayan harin Tua na farko ya mutu, ɗan wasanmu Tyler Simmons ya tare bugun sallamar Alabama, wato bugun da ƙungiya ke yi ta miƙa ƙwallo can nesa idan harinta ya mutu, alƙalai suka ce ya riga ƙwallo tashi, alhali maimaicin bidiyo ya nuna bai riga ba. Da an bar wannan, da muna da ƙwallo a bakin gidanku muna gaba da 13.

Amma abin da nake so Sabon Baƙo ya riƙe shi ne, darasin da magoya baya suka ɗauka daga daren nan ya kusa cutar da mu. Kowa ya zama mai neman a sauya kwatabak da zarar an yi tuntuɓe. A kakar 2021 Stetson Bennett, wanda ya fara zuwa jami'ar ba tare da an ba shi gurbin tallafin wasa ba, ya karɓi matsayin kwatabak ɗinmu bayan JT Daniels ya ji rauni. Da Alabama ta doke mu 41 da 24 a watan Disamba a wasan ƙarshe na gasar SEC, wato rukunin jami'o'in kudu maso gabas da Alabama da Jojiya suke ciki, gidajen rediyon wasanni na Atlanta suka cika da masu kira a ajiye Bennett a dawo da Daniels, kuma hujjarsu ita ce Saban ya yi a 2018 ya ci. Ni kaina na karkata ga wannan ra'ayi. Smart ya ƙi. Ya ga abin da mu ba mu so mu gani ba, wato ƙungiyar da aka zura wa 41 matsalarta ta fi ƙarfin kwatabak. Aka gyara tsaro, aka doke Michigan 34 da 11, sannan ranar 10 ga Janairu, 2022, a Indianapolis, aka doke Alabama 33 da 18. Sau huɗu aka tilasta mata bugun maki uku, Kelee Ringo kuma ya cafke jifan Bryce Young, kwatabak ɗin Alabama, ya ruga yadi 79 ya rufe wasa. Gaskiya ne Alabama ta rasa manyan masu kama ƙwallonta biyu saboda rauni, ba zan ɓoye wannan ba. Kofinmu na farko ke nan tun 1980, kuma 'yan tsaro biyar daga wannan ƙungiya aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru, a shekarar.

Malamin Makaranta daga Houston ya rubuta:

Hajiya da Malam, kun cika mu da ilimi, Allah ya saka. Ni zan tsaya ne a kan matar maƙwabcin nan mai riga lamba 2, domin ina ganin an wuce ta da sauri, kuma tana da hujja fiye da tausayi.

Hurts ɗan Channelview ne, nan gefen Houston, mahaifinsa ne kocinsa a sakandare. A 2016, yana ɗan shekarar farko, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan hari na gasar SEC. A wasan ƙarshe na Janairun 2017 da Clemson, shi ne ya ruga yadi 30 ya sa Alabama gaba 31 da 28, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu. Tsaro ne ya kasa riƙe wannan, kwatabak ɗin Clemson Deshaun Watson ya sami Hunter Renfrow saura daƙiƙa ɗaya, aka tashi 35 da 31. Da an tare harin nan guda, da Hurts ya zo Atlanta a 2018 da kofi a hannu, kuma ina shakkar ko akwai kocin da zai iya zaunar da shi. Kun ga ke nan tsaro ya ɗaga Tua a shekara ɗaya, ya kuma kayar da darajar Hurts a shekarar da ta gabace ta. A duk kakar 2017 sau ɗaya tak aka cafke jifansa. Irin ɗan wasan da Saban ya nema ke nan, wanda ba ya zubar da ƙwallo, yana barin tsaro ya ci wasa, kuma ya ba shi abin da ya nema.

Ban ce sauyin kuskure ne ba. Abin da na ƙi shi ne yadda aka bi da shi bayan nan. A watan Agustan 2018 Hurts ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa duk tsawon watannin da ake ta cece-kuce, babu wanda ya zo ya tambaye shi yadda yake ji, har da masu horarwa. Ni malami ne, na san abin da shirun manya yake yi wa yaro ɗan shekara ashirin. Magoya baya kuwa wasunsu sun yi ta magana a intanet kamar bai taɓa ci musu wasa ba.

A shekarar ce aka kawo sabuwar doka da ta ba ɗan wasa damar buga wasa huɗu ba tare da an ƙirga masa shekarar ba. Kelly Bryant, kwatabak ɗin Clemson, da aka ajiye shi saboda Trevor Lawrence bayan wasa huɗu, ya tattara kayansa ya bar ƙungiyar, daga baya ya koma Missouri, kuma ban ga laifinsa ba. Hurts ya zauna, ya yarda shekarar ta ƙone. Ranar 1 ga Disamba, 2018, a wannan fili na Atlanta, da wannan Jojiya dai, Tua ya ji rauni a idon sawu a kashin ƙarshe ana bin Alabama 28 da 21. Hurts ya tashi daga benci, ya jefa wa Jerry Jeudy aka daidaita, sannan ya ruga yadi 15 da ƙafarsa aka tashi 35 da 28. Na kalli wannan a wani shagon aski a nan Houston, mai askin ya ajiye injinsa kan wani rabi a aske, ba wanda ya yi ƙorafi. Da aka tambayi Saban a fili sai da muryarsa ta shaƙe. Hurts ya kammala digirinsa a watan, ya tafi Oklahoma, ya zo na biyu a kyautar Heisman ta 2019, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i, bayan Joe Burrow. A Fabrairun 2025 shi ne gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, inda ƙungiyarsa Philadelphia ta doke Kansas City 40 da 22, kuma cikin waɗanda ya jefa wa ƙwallon ci har da DeVonta Smith. A wasan nan ma sau shida 'yan tsaron Philadelphia suka kayar da Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City.

Sabon Baƙo a Birmingham ya rubuta:

Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, na karanta amsoshinku sau biyu. Abu ɗaya ya rage mini. Maƙwabcina ya ambaci cewa a shekarar da ta biyo baya, Tua yana riƙe da matsayin tun daga farko, Clemson ta yi wa Alabama dukan da bai so ya kunna mini ba. Matarsa tana cewa wannan ya nuna da an bar Hurts da abin bai kai haka ba. Shin tana da gaskiya a nan, ko kuwa wannan ma a wurin tsaro za a nemi amsarsa?

Ɗan Tuscaloosa ya rubuta:

A nan kam ban bi bayanta ba, ɗan'uwa, ko da yake na karɓi gyaran Hajiya cewa shigowar Tua ta ba 'yan tsaronmu numfashi, na kuma karɓi na Malam cewa an yi wa Hurts shirun da bai dace ba.

Wasan da ake nufi shi ne na 7 ga Janairu, 2019, a Santa Clara ta Kalifoniya, Clemson 44, Alabama 16. Tua ya yi laifi, domin a harin farko A.J. Terrell ya cafke jifansa ya ruga da ita har gida, sannan aka sake cafke wata kafin hutu. Amma shi ne ya kawo ƙungiyar wurin da nasara 14 ba faɗuwa, ya kammala kakar da jifan ci 43, ya kuma zo na biyu a Heisman bayan Kyler Murray. Ba a ce wa irin wannan zaɓi kuskure saboda dare ɗaya, kamar yadda bai kamata a shafe shekara biyun Hurts saboda rabin wasa ba.

Abin da ya bambanta Janairun 2018 da na 2019 shi ne wanda ke goge kuskuren. Payne da Minkah Fitzpatrick da Rashaan Evans da Ronnie Harrison duk sun tafi NFL, Jeremy Pruitt da ke shugabantar tsaro ya koma kocin Tennessee, 'yan baya kusan duk sababbi ne. A tsawon kakar ba a lura ba, domin Tua yana tara maki tun kafin hutu, abokan hamayya suna bi a guje, mu magoya baya kuma muna ta murna ba ma duba baya. Oklahoma ta zura mana 34 a wasan kusa da na ƙarshe, muka ce ai mun ci 45. Sai Lawrence, shi ma ɗan shekarar farko da aka ɗora a tsakiyar kaka, ya jefa yadi 347 ba a kayar da shi ko sau ɗaya ba, Justyn Ross ya tsere da wata ta yadi 74. A ɗaya ɓangaren, 'yan tsaron Clemson, su Christian Wilkins da Clelin Ferrell, sau uku suka tare mu a yunƙuri na huɗu a cikin yankinsu bayan hutu, ba mu ci ko maki ɗaya ba a rabi na biyu. Magoya bayan Clemson suna yabon kocinsu Dabo Swinney kan ajiye Bryant, kuma ya cancanta, amma ƙungiyar da ta hana Tua ci tsawon rabin wasa ba Lawrence ne ya yi mata wannan aiki ba.

Idan ka koma gidan dattijon, ka roƙe shi ya sake kunna wasan 2018 daga kashi na uku, amma a wannan karon kada idonka ya bi ƙwallo. Ka nemi mai lamba 94, shi ne Payne, ka ga mutum nawa ake sawa su tare shi a kowane yunƙuri da kuma inda Chubb yake ƙarewa. A ƙarin lokaci kuma ka nemi mai lamba 24, Lewis, a yunƙurin Jojiya na uku, ka ce ya tsayar da hoton a nan kafin a kai ga jifan da yake miƙewa dominta.